Makarantar Jeka-ki-dawo: Rabin Karatun Yana Gida



Duk wanda ya fito da sassafe a birnin Kano, ya bi ta Tarauni ko Hotoro, ko ya gangara Kabuga da Rijiyar Zaki, da wuya ya wuce layi uku bai ga allon makarantar kuɗi ba. A cikin waɗannan makarantu akwai wani rukuni da iyaye ke ta rububinsa a 'yan shekarun nan, wato sakandare masu zaman kansu na 'yan mata zalla, waɗanda ba a kwana a cikinsu. Yarinya ta zo da safe, ta koma gidan ubanta kafin rana ta faɗi. Su nake so mu leƙa yau, mu ga me ake yi a ciki, me suke iya ba yarinya, me kuma ba za su iya ba ta ba ko nawa uba ya biya.

Dalilin wannan rububi ba ɓoyayye ba ne. A daren 14 ga Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga ɗakunan kwanansu a Chibok. A Fabrairun 2018 aka ɗauke 110 a Dapchi. A Fabrairun 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a Zamfara cikin dare, aka tafi da 279, kuma ba a yi nisa ba gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana da ke wajen gari. Uban da ya ji waɗannan labarai a rediyo ba ya buƙatar kowa ya yi masa lacca. So yake in ya rufe ƙofar gida da dare ya ƙirga 'ya'yansa ya same su cif. Ga kuma cunkoson makarantun gwamnati, inda malama ɗaya ke fama da ajin da wasu ɗalibansa ke zaune a ƙasa. Ga son da iyaye ke yi a haɗa wa yarinya boko da Alƙur'ani a wuri ɗaya, ba tare da cuɗanya da maza ba. Masu kuɗi da tsofaffin malamai suka ga ƙofa, suka shiga.

Kada ma a ɗauka wannan tsari baƙo ne. Da Turawa suka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, a inuwar gidan sarauta aka yi su, domin iyaye ba za su yarda a yi nisa da 'ya'yansu mata ba. Can Ingila ma, matar da ake danganta wa kafa irin wannan makaranta, Frances Buss, wadda ta buɗe North London Collegiate a birnin Landan a 1850, ra'ayinta shi ne yarinya ta yi karatu mai zurfi irin na maza amma ta kwana a gidansu. Makarantar tana nan har gobe. Sai dai akwai sharaɗin da ke ƙarƙashin wannan tsari, wanda mu muka karɓi tsarin muka manta da shi: in yarinya za ta kwana a gida, to gidan ya zama wurin da za a iya karatu a cikinsa.

Bari mu yi lissafi, don a nan gizo ke saƙa. Mako guda awa 168 ne. A cire barci, a ce awa takwas kowane dare, saura 112. Makarantar da ke shiga ƙarfe bakwai da rabi ta tashi ƙarfe biyu, ranar Juma'a kuma sha biyu, awa talatin da 'yan kai take riƙe da yarinya. In an ƙara lesin na yamma a kai kusan arba'in. Ke nan ko a tsakiyar zangon karatu, kashi ɗaya cikin uku na lokacin da yarinya ke farke shi ne a hannun makaranta. Ba a ma zo maganar hutu ba, wanda in an tara shi yakan kai wata uku a shekara. Sauran lokacin duk yana hannun Alhaji da Hajiya.

To yaya ake kashe shi? Ku bi ni mu bi yarinya 'yar aji biyar, wato aji biyu na babbar sakandare, daga asuba. Ta yi salla, ta hura gawayi ko ta kunna gas, ta ɗora ruwan shayi, ta yi wa ƙanne biyu wanka ta sa musu kayan makaranta. Yayanta da ya girme ta da shekara ɗaya yana kwance. Ƙarfe shida da rabi motar makaranta ta yi hon, in makarantar na da mota. In babu, sai ta tsaya bakin titi tana jiran Adaidaita Sahu, wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗinsa ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. Ta isa, a yi taron safe, a duba farce da safa da hijabi, a shiga aji. Darasi bayan darasi, kowanne minti arba'in, a fita tara ta ci abin da ta ƙullo, a koma, a yi azahar, a tashi. Ta dawo gida rana na dukan ta, ta cire yunifom, ta ci abinci a tsaye, ta sa na Islamiyya. Ƙarfe huɗu zuwa shida tana gaban malamin hadda. Magariba ta yi, ga tuwon dare, ga wanke-wanke, ga aike. Sai bayan isha'i za ta buɗe jaka ta tarar da jingar lissafi da ta kemistiri, ga harafin da za ta bayar gobe a Islamiyya. Wuta kuwa an ɗauke. Da fitilar wayar Umma za ta yi, har barci ya kwashe ta a kan littafin.

Ku kwatanta da 'yar makarantar kwana. Duk da wake mai ƙwari da layin ruwa, ita tana da abin da ɗalibai ke kira firef: ana kaɗa ƙararrawa da yamma, a sake kaɗawa da dare, kowa ta zauna gaban littafi dole, ba mai aikenta sayo magi. Wannan zaman dole shi ne sirrin makarantun kimiyya da jihar Kano ta kafa a 1977 a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da ta 'yan mata da ta biyo baya a Taura, waɗanda suka cika asibitocinmu da likitoci. Ba wani tsafi aka yi musu ba. An tace ɗalibai, an ba su malamai da kayan aiki, an kuma tsare musu lokaci. Da muka dawo da 'ya'yanmu gida saboda tsoro, mun dawo da su ne ba tare da ƙararrawar ba.

Ni ban ce yarinya kada ta yi aikin gida ba, Hajiya. Wanke-wanke bai taɓa kashe kowa ba, girki kuma ilimi ne da za ta gode miki a kansa. Abin da nake cewa, gidan da ya biya dubban ɗaruruwa a zango, sannan ya kasa ware wa yarinya awa biyu kowane dare da ba za a kira sunanta ba, da fitila mai caji da wurin zama, to da hannunsa ya zubar da rabin kuɗin. Kuma ɗa namiji hannu biyu gare shi, aike bai haramta a kansa ba.

Yanzu mu shiga ajin.

Akwai wani alheri a makarantar mata zalla da ba na jin ana faɗarsa yadda ya kamata. A aji mai maza da mata, musamman a al'adarmu da aka raini yarinya da kunya, sau da yawa wadda ta san amsa takan yi shiru don kada a yi mata dariya, ko a ce ta cika rawar kai. A nan kuwa ba wanda za ta bar wa fili. Monita mace ce, shugabar ɗalibai mace ce, mai kaɗa ƙararrawa mace ce, wadda ta fi kowa lissafi mace ce, wadda ta zo ta ƙarshe ma mace ce. Yarinya ta shekara shida ba ta taɓa jin cewa akwai darasin da na maza ne ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma raba su da maza shi kaɗai ba karatu ba ne. In malamin fiziks bai iya fiziks ba, ko katangar ta kai ta gidan yari tsawo, ba abin da za ta tsinana.

Da yarinya ta gama ƙaramar sakandare ta shiga aji huɗu, sai a raba hanya: ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa, ajin kasuwanci. A nan iyaye ke fara kuskure, makarantun kuɗi kuma su biye musu. Kowane uba likita yake so. Ba laifinsa ba ne, matanmu na buƙatar likitoci mata da ungozomomi, kuma wanda ya ga irin aikin da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke yi a kan zubar jini bayan haihuwa dole ya yi wa 'yarsa wannan fata. To amma ba kowace yarinya aka halitta don asibiti ba. Mai shari'a Mariam Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya a 2012, ba ta ɗakin tiyata ta bi ba. A makarantar gwamnati sakamakon yarinya ne ke yanke ajin da za ta shiga. A ta kuɗi sau da yawa muryar Alhaji ce a waya. Sai a tura mai baiwar rubutu da muhawara ajin kimiyya, ta shekara uku tana haddar abin da ba ta so, ta zauna jarrabawar JAMB sau uku tana neman likitanci, ƙarshe ta karɓi duk kwas ɗin da aka ba ta, zuciya a karye.

Ajin kimiyyar ma, mu tambayi kanmu, ina kimiyyar? Da yawan waɗannan makarantu gidajen zama ne aka mayar: falo ya zama aji huɗu, ɗakin maigida ya zama ofishin shugabar makaranta, kicin kuma aka rubuta masa ɗakin gwaje-gwaje a ƙofa. A jarrabawar WAEC ana so yarinya ta ɗiga asid daga bututun gilashi a cikin ruwan alkali har launi ya juya, ta karanta awo ta yi lissafi. Ana so ta ɗaure dalma a zare ta kaɗa, ta ƙirga lokaci, ta zana jadawali. Wannan aikin hannu ne, ba a koyonsa da kallon allo. Abin da ke faruwa a wurare da dama shi ne, kayan suna kulle a kabad shekara biyu da rabi. Sai hukumar jarrabawa ta aiko da jerin abubuwan da za a tanada, sannan a buɗe kabad, a kakkaɓe ƙura, a yi wa yara atisayen mako biyu a kan abin da ake zaton zai fito. Yarinya ta ci kiredit a kemistiri, hannunta na rawa in ta riƙe kwalba.

Sai Turanci. Har yanzu akwai makarantun da ke cin tarar yarinya in ta yi Hausa a harabar makaranta, ana rubuta sunanta a ba malama. Iyaye kuma suna jin daɗi, don ɗan Turancin da take yi wa ƙannenta a gida shi ne shaidar da suke gani cewa kwalliya na biyan kuɗin sabulu. Ba na raina Turanci, da shi ake jarrabawa, ba kiredit a cikinsa ba jami'a. Amma tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, Turanci na matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Malamar da ta ga aji ya yi tsit, ta juya ta warware ma'anar da Hausa cikin minti biyu, sannan ta koma Turanci, ba ta karya doka ba, aikinta ta yi. Abin tsoro shi ne yarinyar da za ta karanto maka ma'anar abu daga kai, ba tuntuɓe, in ka ce to faɗa mini da Hausa me ke nan, ta tsaya tana kallon ka.

Wannan ya kai mu ga ƙyallen da ake ratayawa a ƙofar makaranta duk shekara, mai cewa ɗalibanmu duka sun ci. Jama'a, a yi hattara da wannan ƙyalle. Akwai makarantun da suka ci da guminsu, Allah Ya ƙara musu. Akwai kuma inda ake karɓar kuɗi na musamman a wajen iyaye lokacin WAEC da NECO, kowa ya san na mene ne, ba mai furtawa. Ranar jarrabawa a rufe get, a sallami mai sa ido, malami ya hau allo. Uban da zai yi wa 'yarsa faɗa in ta ɗauki naira hamsin ɗin da ba tata ba, shi ne zai biya a sato mata amsa, a makarantar da ya zaɓa saboda tarbiyya. Ma'aunin da ke tona asiri shi ne JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, a wata cibiya da malaminka ba ya ciki. Maki 400 ne, darasi huɗu. A 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai 200 ba. In makaranta ta nuna maka kiredit tara-tara, ka ce ta nuna maka makin JAMB na yaran nan dai, ɗaya bayan ɗaya. In ta fara kame-kame ka samu amsarka.

Mu koma abubuwan da ake yi bayan darasi, waɗanda a ganina nan ne ake gane makarantar da ta san abin da take yi. Mafi arha a cikinsu su ne mafi amfani. Ƙungiyar muhawara ba ta buƙatar komai sai malama mai himma da teburi biyu, amma yarinyar da ta saba tsayawa gaban mutum ɗari biyu ta kawo hujja, a mayar mata, ta sake kawowa ba ta yi kuka ba, ta samu abin da zai yi mata aiki a kotu, a aji, har a ɗakin mijinta. Ƙungiyar 'yan jarida ta ɗalibai, masu karanta labarai a taron safe ranar Litinin, ita ma haka. Musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke shirya ta ƙasa tun 1986, tana da rukunin mata, kuma daga irin waɗannan ƙananan musabaƙoƙi na makaranta ake hawa. Ƙungiyar JETS, ta masu sha'awar ƙere-ƙere, in ta samu malamin kirki, za ka ga 'yan mata sun haɗa fitila mai aiki da hasken rana ko sun dafa sabulu da hannunsu.

Ɗakin karatu fa? Ba ina nufin kantar da aka jera tsofaffin littattafan jarrabawa ba. Ina nufin inda yarinya za ta ari Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ta ari So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, ta ari The Stillborn na Zaynab Alkali, ta tafi da shi gida ta dawo da shi. 'Yan matanmu masu karatu ne, kowa ya san yadda littattafan Hausa ke yawo a wayoyinsu. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke gasar Hikayata domin mata marubuta, kuma ba daga sama waɗannan marubuta ke faɗowa ba. Makarantar da ke ƙwace littafin labari a jakar yarinya ba ta ba ta wani a madadinsa ba, ƙishirwar ta gani ta rufe rijiya.

Ziyarar buɗe ido kuwa, ba sai an je Abuja ba. Yarinya an haife ta a Kano, ta kai shekara sha shida ba ta taɓa shiga Gidan Makama ba, ba ta hau Dala ba, ba ta ga yadda ake rini a Ƙofar Mata ba, alhali a can za ta ga kemistirin da aka rubuta mata a allo yana aiki a cikin rami: baba da toka da ruwa, da yadda zane ke fitowa kore-kore ya koma shuɗi in iska ta buge shi.

Wasanni su ne suka fi ba ni takaici. Makarantar mata zalla ita ce wuri ɗaya tak da budurwa Bahaushiya za ta iya yin gudu, ta buga ƙwallon raga, ta yi tsalle ta yi ihu, ba idon namiji, ba mai cewa ba ta da kamun kai. Wannan dama ce da tsarin ya bayar kyauta. Amma gidan da aka mayar makaranta ina ya ga fili? Tsakar gida ce da aka shafe da siminti, ko taron safe da ƙyar take ɗauka. Sai a yi hayar fili sau ɗaya a shekara, a raba yara gida-gida, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, a sa iyaye sayen riga, a gayyaci babban baƙo ya ba da gudummawa, yaran da ba su motsa ba tun bara su yi tsere biyu su faɗi suna haki. A kira wannan wasanni.

Haka bikin yaye ɗalibai, haka ranar al'adu. Anko, lalle, kwalliya, hayar zauren biki, mai hoto, kek hawa uku. A wasu wuraren abin da ake kashewa a wannan yini ɗaya ya isa a cika ɗakin gwaje-gwaje da kaya. Abin ya kai har jihohi irin su Imo da Binuwai suka hana bikin yaye ƙananan azuzuwa a 2025. Ba na ƙin a yi murna, yarinyar da ta gama aji shida ta cancanci a tafa mata, a kira mahaifiyarta gaban jama'a. Amma walima daban, gasar nuna arziki daban, kuma akwai yarinya a layin baya da ubanta ya ci bashi don kada a ga ita kaɗai ce ba anko.

Duk waɗannan suna komawa ga abu guda, wato ma'anar zaman kai. Makaranta mai zaman kanta ba ta jiran Ma'aikatar Ilimi ta aiko mata alli. In malami ba ya zuwa, gobe za a sallame shi. In rufi ya yaye, a makon za a gyara. Ba yajin aiki. Wannan shi ne ƙarfinta, kuma shi iyaye ke saya. Amma wadda ba ta jiran gwamnati tana jiran kuɗin zango, don haka tsoron uba take yi. Ba za ta iya ce masa 'yarka ta faɗi sai ta maimaita aji ba, don ta san akwai wata makarantar a layi na gaba da za ta karɓe ta har ta ƙara mata aji. Shi ya sa za ka duba takardun sakamako na aji guda ka rasa wadda ta faɗi.

Kuma a ina ake rage kashe kuɗi? A kan malami. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun Yulin 2024, amma ku tambayi malaman makarantun kuɗi na unguwa nawa ne a cikinsu ke ganin wannan, kuma ko ana biyan su a watan hutu. Matashin da ya gama digiri yana koyarwa ne kafin ya samu aiki, ranar da ya samu ko sallama ba zai tsaya yi ba. Yarinya ta canza malamin lissafi uku a shekara ɗaya, kowanne ya fara daga inda ya ga dama. Hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha, da ƙungiyar masu makarantun wato NAPPS, sun fi yawan haɗuwa a kan haraji da ƙarin kuɗin makaranta. Da za su zauna a kan albashin malami da tsawon zamansa a wuri guda, da sun taɓa karatun kai tsaye.

Saboda haka Alhaji, in za ka kai 'yarka, kada ka tsaya a ofis mai sanyi inda aka ba ka lemo. Ka ce a kai ka aji. Ka karɓi littafin wata ɗaliba ka ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. Ka tambayi malamin lissafi shekararsa nawa a nan. Hajiya kuma ki wuce bayan gida ki duba da idonki: akwai ruwa, akwai ƙofa mai sakata, akwai inda yarinya za ta kimtsa kanta in al'adarta ta zo? Akwai malama mace da za ta iya zuwa wurinta ta faɗi abin da ba za ta iya faɗa wa malami ba? Wannan ba ƙaramar magana ba ce a makarantar da kowace ɗaliba mace ce. Yarinyar da ke zama gida kwana uku ko huɗu duk wata saboda bayan gidan makaranta ba ya shiguwa, ku tara kwanakin a shekara ku ga darasi nawa ya wuce ta. In an kira taron iyaye da malamai kuma, a je. Rukunin WhatsApp da ake turo sanarwar biyan kuɗi ba taro ba ne.

Akwai magana ɗaya da shugabannin irin waɗannan makarantu ke yi a tsakaninsu da murya ƙasa-ƙasa, ni zan faɗe ta a fili. Aji shida yakan rame kafin ƙarshen shekara. An biya kuɗin WAEC, an biya na NECO, yarinya ta shekara biyar da rabi tana tashi da asuba, sai a zango na biyu a ji an kawo kuɗi an sa rana. Tun da a gida take kwana, zance na zuwa har ƙofa kowane dare, a daidai awannin nan biyu da muka yi magana a kansu. Daga nan hankali ya rabu tsakanin tsofaffin tambayoyin jarrabawa da zaɓen kayan ɗaki. Wata ta zauna jarrabawar da lallen amarci a hannu, wata kujerarta ta zauna babu kowa. Aure alheri ne, ba wanda ya isa ya ce wa uba ga lokacin da zai aurar da 'yarsa. Amma jadawalin jarrabawa ba sirri ba ne: WAEC a kan yi ta ne a Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya ta ƙare wajejen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Waliyyan da za su zauna sa rana suna da kalanda a bangon zaure, kuma akwai Satumba a cikinta. Manemin da ba zai iya jiran wata huɗu ba don matarsa ta shigo gidansa da takardarta a hannu, ya kamata waliyyi ya sake dubansa da kyau.